Ranar da Na Ci Naman Kaza a Gaban Inna

Mu mutanen Zandam ba a koya mana naman kaza, wannan mai tsirowa da damina, da shi muka buɗe ido. Ruwa ya yi sati yana zuba, sai mu shiga kurmi mu nufi suri. Wanda ake ci a jikin suri yake fitowa, kansa da ɗan tsini, in ka tona a hankali saiwarsa doguwa ce kamar wutsiyar ɓera. Wanda ka ga gindinsa a cikin 'yar jaka, ko ya tsiro a kan kashin shanu, wallahi ko kyauta ka bar wa kwaɗi kayansa. Shi ya sa ba ma yanka shi da wuƙa, gindin ne shaidarsa.

Aure ya kawo ni Birnin Kudu. Daminar farko na gan shi a surin bayan gonarmu, na ciko ƙwarya ina murna. Surukata, wadda duk gidan ke kira Inna, tana leƙawa ta ja da baya.

"Laimar kwaɗi! A gidan nan? In wannan ya shiga tukunya, ke da girki har abada."

Raina ya ɓaci. Ni za a hana girki a kan abin da na sani tun ina goye? Na ce, "Inna, a gidanmu wanda ya tsinto shi ke fara ci. Ki bar ni in ci a gabanki."

Na soya shi da man gyaɗa da albasa a 'yar tukunyata, na zauna a tsakar gida na cinye tas. Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar nono mai tsami, wai maganin guba, ta zauna kusa da ni.

"Kanki na juyawa?"

"Garau nake, Inna."

"Cikin fa?"

"Ƙari yake nema."

Ba ta yi dariya ba. Har aka kira la'asar tana nan, ta ƙi ko tashi ta duba awaki. Na buɗe baki zan yi mata tsiyar na ci gari, sai na ga har yanzu tana riƙe da ƙwaryar nonon, idonta a kaina. Kunya ta rufe ni.

Ta ajiye ƙwaryar, ta ce, "Je ki ɗora tuwo. Amma ki sani, 'yar nan, amana aka ba ni ke. Da kin faɗi, da wane baki zan je Zandam in gaya wa uwarki?"