Daminar da Tanko ya yi bisa teku

Ni Zaliha ƙanwar Tanko ce, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce mini ban san shi ba. A Garhanga in ka tambayi Tanko ɗan Maiguwa sai a tsaya ana kallon ka. Ka ce Tanko Italiya, nan take za a nuna maka ƙofar gidanmu.

Mata huɗu innarmu ta haifa kafin shi, shi ya sa anka sa mashi Tanko, kuma tun daga nan anka ɓata shi. Ba ya kiwo, ba ya zuwa rijiya. Ranar da babanmu ya miƙa mashi hauya ya ce tana yi mashi kanta, innarmu ta karɓe ta ba ni. Lakwal ma, makarantar boko, aji uku ya yi ya gudo. Ni da Sha'aibu autanmu mu munka tashi cikin gona.

Da Italiyawa sunka zo Keita aikin gyaran ƙasa, mu mata munka ɗauki duwatsu a ka muna jerawa bisa fako don tare ruwa. Har yau wuyana bai manta ba. Tanko kuwa ya liƙe ma wani injiniya, Mushe Aldo, kamar ka ce Malam Aldo, yana dafa mashi kafe yana wanke mashi mota, har shekara tara. Muna cikin rana, shi yana inuwar mota riƙe da buta. Da Aldo zai koma ƙasarsu ya bar mashi baƙin tabarau da kalma biyu, "alora" da "caw". Da su ya ci shekara talatin bakin kasuwa yana ba mutane labarin Italiya, alhali ko Agadas bai taɓa wucewa ba. Ya yi aure, ya yi ɗiya, Sha'aibu ke ci da su.

Abu guda yake riƙe da shi a gidanmu, shi ne rumbun iri. Asalin gidanmu Azna ne. Kakanninmu sun musulunta, sun bar abubuwa da yawa, amma wanga ba su bar shi ba. Bayan kaka ana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, a ɗaure, a zuba cikin ƙaramin rumbu na bayan gida, a liƙe bakinsa da laka. Ba mai fasa lakar sai babban namijin gida, ranar ruwan farko. Da can da jinin kaza ake yi, yanzu bisimilla ce kawai. Shi ke fid da damen farko, sannan mata su sussuka a tafi shuka. Irin kuwa gero ne na gidanmu, mai dogon kai, wanda furarsa ba ta da ta biyu a ƙasar Adar. Sai dai yana da jinkiri, yana son kwana ɗari da 'yan kai a ƙasa. In ya kuskure ruwan farko, damina ba ta kai shi.

Shekara takwas da sunka wuce, ruwa ya sauka Tanko na Tawa wajen biki. Sha'aibu ya jira shi kwana ɗaya, ya fasa lakar, munka yi shuka. Cikin watan Agusta zazzaɓi ya ɗauke ɗiyar Sha'aibu, Husna, 'yar shekara huɗu. Wurin zaman makoki, gaban jama'a, Tanko ya dube shi ya ce, "Alora, ka ga abin da hannunka ya jawo." Liman ya ce a'a, ajali ne. Sha'aibu ya tashi ya shige gida. Tun daga ranar ko ta gefen rumbun ba ya bi. Ni kuwa tun daga ranar na daina ganin girman Tanko, ina dai kiran shi Yaya don haka anka koya mini.

Bara da rani sai ga saƙo ta waya. Ɗan Mushe Aldo ne ya nemo Tanko. Wai tsohon ya cika shekara tamanin da biyar, yana son ya tara iyalinsa da mutanen da sunka yi mashi hidima, su shiga babban jirgin ruwa su zaga Bahar Rum kwana goma sha biyu. Komi su za su yi, har biza da jirgin sama. Tanko ya kusa zaucewa. Sau uku ya tafi Yamai kan takardu. Ya ɗinka farin wando, ya sayi akwati mai taya, yana jan shi cikin rairayin tsakar gida wai yana koyo.

Na tambaye shi yaushe ce tafiyar. Ya ce watan Yuni.

Na ce, "Yaya, Yuni fa lokacin shuka ne."

Ya ce, "Lokacin bakansi ne. Duk Turai lokacin suke hutu. Ke mi kika sani?"

"To ka fasa lakar kafin ka tafi. Mu yi binne, mu shuka tun ruwa bai sauka ba, ko mu aje irin a ɗaki."

"A fasa ba ruwa? A gidan Maiguwa? Ba a taɓa ba."

"To ka ba Sha'aibu izini."

Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "An ga abin da ya faru wancan karon. Kwana goma sha biyu ne, Zaliha. Ruwa bai isa ya sauka ba sai ƙarshen wata, na duba." Ban san inda ya duba ba. Mutum ashirin da uku ke cin tuwon gonar nan, har da jikokina biyu da na dawo da su gida bayan rasuwar mijina.

Ya tafi. Kwana uku sai hotuna sunka fara shigowa wayar Sha'aibu, da muryarsa a bayansu. Daga wani gari Jenowa sunka tashi. Jirgin wai hawa goma sha biyar gare shi, ya fi Garhanga mutane. Akwai tafki a samansa, mutane na wanka cikin ruwa bisa ruwa. Abinci ba a kwashewa, ka ci ka koma ka ci. Ga Tanko a Napoli ya rungume tsohon Bature cikin keken guragu. Ga shi a tsibirin Sisiliya da gajeren wando, ƙaurinsa waje kamar karan dawa, dattijo mai jikoki. Ga shi riƙe da wani abu mai sanyi a cikin kofi yana lasa. Yara sunka yi ta dariya suna karɓar wayar. Ni ban yi ba, don tekun nan ita ce ta cinye ɗan maƙwabciyarmu da ya bi ta Libiya, ko gawarsa ba a gani ba.

Rana ta biyar da tafiyarsa, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Anka yi ruwa irin wanda ake roƙo, har koramu sunka kawo. Da safe duk gari ya fita da sungumi. Mu muna tsakar gida muna kallon juna.

Sha'aibu ya kira shi. Yana tsibirin Malta, ana jin kiɗa a bayansa.

Sha'aibu ya ce, "Yaya, an yi ruwa. Ya shiga ƙasa ya fi taƙi biyu."

"Yayyafi ne, zai bushe. Na gaske na tafe."

"Ba yayyafi ba ne. Kowa na shuka. Ka ce mini in fasa, kalma guda kawai."

Na ƙwace wayar na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Ka yi bisimillar daga nan, mu mu fasa."

Ya ce, "Bisimilla ta waya? Hannuna ne zai fasa. Saura kwana bakwai. Wanda ya taɓa, abin da ya same shi shi ya ja." Sai ya ce an kira su cin abinci, kaftin ɗin jirgi zai zauna da su. Ya ce "caw", ya kashe.

Na shiga ɗaki na ɗauko taɓarya na nufi bayan gida. Na tarar da Sha'aibu ya riga ni, ya zauna ƙasa ya jingina da rumbun, shi da ya shekara bakwai bai kusance shi ba. Mutum mai furfura, hawaye na zuba cikin gemunsa. Ya ce, "Yaya Zaliha, saura ɗiya uku gare ni. Ke ma kina da jikoki. In kin fasa wani ya kwanta, da wane ido za mu dubi juna?"

Na san ƙarya ce. Na je makarantar dare ta mata, na san laka ba ta kashe kowa. Amma na tsaya da taɓarya a hannu ina tuna ƙaramar jikata da ta kwana da tari. Na mai da taɓaryar ɗaki. Wanga abu har yau ina jin kunyarsa, kuma ban yafe ma kaina ba.

Kwana biyu ƙasa ta sha iska. Maƙwabta sunka gama shuka. Hotuna ba su daina zuwa ba: Barselona, wani tsibiri mai fararen gidaje, Marsai. A ɗaya yana kwance bisa doguwar kujera an shafa mashi mai a goshi, wai kada rana ta ƙona shi. Mutumin Adar. Sha'aibu ya daina buɗewa.

Ya dawo da akwatinsa mai taya da tsaraba: hula mai hoton jirgi, ƙananan sabulai da 'yan kwalaben man wanke gashi da ya kwaso daga ɗakin da anka sauke shi. Ya tara mutane ƙofar gida yana ba su labarin yadda ake cin kifi da cokali uku. Gonakin mutane sun yi kore, tamu ja wur. Da wani ya yi mashi maganar, ya ce masu gaggawa ne, za su sake shuka.

Ba su sake ba. Ruwa na biyu bai zo ba sai bayan kwana ashirin da shida. Ranar Tanko ya sa babbar riga, ya fasa lakar da hannunsa, ya sa anka ɗauke shi hoto ya tura ma ɗan Aldo. Munka shuka rabin irin. Ya tsiro, sai iska mai rairayi ta taso ta binne shi yana ɗan ƙarami, ta ƙone sauran. Geron maƙwabta ya riga ya kai gwiwa, bai ji komi ba. Ƙarshen Yuli munka sake. Na ce a rage ko dame biyu a rumbu saboda baɗi. Tanko ya ce a zuba duka, shi ya ga yadda Turawa ke yi, ba sa rowar iri. A jirgin ruwa ya gani ke nan.

Geron ya yi ƙoƙari, wallahi. Ya tashi, ya yi ciki, ya fid da kai. Yana cikin bununi ruwa ya ɗauke, ƙarshen Satumba. Munka yi ta duban gabas har idanunmu sunka gaji. Maƙwabta na gasa tumu, namu kai ya tsaya a tsaye fari fat, ba nauyin da zai sunkuyar da shi.

Da kaka ban ga Tanko bakin kasuwa ba. Na same shi a gona da hantsi, karo na farko a rayuwata da na gan shi cikinta ba wanda ya aike shi. Yana bin layi yana karyar zangarniya, ya murza a tafin hannu, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, ba ido ko ɗaya. Ya karyi wata. Ya daɗe yana yi kafin ya lura da ni.

Ya ce, "Zaliha, cikin yayyenmu mata da sunka yi aure Buza da Deule, ba wadda ta tafi da irin nan? Ko tiya guda?"

Na ce, "Babu."

"Maƙwabta fa? Ba wanda ya taɓa karɓa?"

Na ce, "Sun roƙa, Yaya. Shekara da shekaru suna roƙo. Yaya Hindatu har kuka ta yi maka shekarar da nasu ya lalace. Ka ce irin gidan Maiguwa ba ya fita gidan Maiguwa."

Ya tsaya da zangarniyar a hannu. Ya buɗe baki, na zaci "alora" za ta fito, ba ta fito ba. Ya zauna cikin kunya, bisa ƙasa, da farin wandonsa. Na so in ji tausayinsa, na duba cikina ban samu ba. Na juya na bar shi nan.

Sati biyu bayan haka Sha'aibu ya hau motar Abija cin rani, yana da shekara hamsin da shida, shi da bai taɓa kwana wata guda wajen Garhanga ba. Masarar da yake aiko kuɗi a saya kasuwar Buza ita muke tuƙawa yanzu. Jikata ta tambaye ni yaushe za a dama fura irin ta da. Na ce mata ta ci abin da ke gabanta, waccan ta ƙare.