Baba Zauna-mu-gani da Kujerar Kaka

Kafin sauran shagunan layin su buɗe, Baba kafinta ya riga ya share garin katako, ya jera zarto da guduma da gwangwanin gam a kan benci. Zauna-mu-gani ake ce masa, domin ba ya taɓa karyayyar kujera sai ya zaunar da mai ita a kan wata, ya ga yadda yake zama. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce har shi bai tsira ba.

Sau ɗaya ya saɓa wa wannan doka, kuma a kan kakarmu ne. Ƙafar kujerarta ta karye tana kai, ta faɗi ta bugu a ƙugu. Ciwon ya warke, tsoron ya ƙi warkewa. Ta daina fitowa ƙofar ɗaki inda take zama tana tsokanar kowa. Kawu ya sayo ta roba, ta ce a ba kaji su hau. Gida ya yi tsit, Kaka tana ramewa a gado.

Aka kai tsohuwar kujerar shago. Tunda mai ita ba ta iya zuwa, Baba ya fere sabuwar ƙafa daidai da sauran ukun, ya goge ta sumul. Da kyar aka lallaɓo Kaka. Tana zama, kujera ta yi rawa. Ta miƙe dafe da bango.

"Ku mayar da ni ciki. Wannan ba tawa ba ce."

Da labari ya kai masa, Baba ya rufe shago, ya zo da zarto a hammata. Ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya shafa simintin ƙofar ɗakin. Ashe akwai ɗan tudu a inda ƙafar take sauka, kuma tsohuwar ƙafar da ta karye da ma can gajeriya ce.

"Laifina ne, Iya. Na auna kujera, ban auna gidanta ba."

"Tsufa ne ya kama ka," in ji Kaka daga ciki.

"Ni da ke wa ya riga wani? Fito, zauna mu gani."

Ya rage ƙafar, ya hau da kansa, ya ƙara ragewa. Kaka ta fito, ta zauna a hankali. Ta jijjiga hagu, ta jijjiga dama, kujera ko gezau. Sai ta ɗago ta dubi Kawu.

"Kai kuma wa ya yi maka wannan askin?"

Gida ya kaure da dariya.

A watan nan Baba zai ajiye zarto, ido ya yi rauni. Baba, kai ne mai gyaran da ba ya jin kunyar cewa na yi kuskure. Kai ne ka fito mana da Kaka daga ɗaki. Mun gode, Baba, Allah Ya huta da gajiya. Masu sana'a kuma, ku yi koyi da shi: kafin ku taɓa kayan mutum, ku dubi mutumin.

Kaka ta ce a gaya maka kujera ba ta rawa, amma aikin da saura: sai ka zo ka zauna ta gani.