Wilfred, Rautar Ta Iso Bayanka

Ranar Alhamis, 11 ga Yuli, 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokina Wilfred Yohanna a gidansa da ke Kakuri. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana jiran ruwan sama ya ɗauke, matarsa Martha ta kawo masa shayi, ta tarar kansa ya langaɓe. Babu jinya, babu sallama. Ni Nuhu, da muka shiga aikin masaƙa tare tun muna samari, ni aka fara aika wa, kuma har yau ban dawo daidai ba.

Wilfred, kai ne makanikin injinan saƙa, ni ina sashen rini. Abu biyu na san ka da su: ba ka riƙe kayan mutane, kuma ba ka yarda da abin da ba ka gwada da hannunka ba. In ka ari guduma da safe, kafin rana ta take ta koma wurin mai ita. Da aka rufe masaƙa muka watse, kai ka riƙa bi gida-gida kana gyara wa matan abokanmu keken ɗinki, in an miƙo maka lada ka ce a sayi zare. Lokacin da matata ta kwanta ciwon ajali, kai ka haɗa mata fanka mai aiki da batirin mota, don kada zafi ya dame ta in an ɗauke wuta. Amma sai da ka gama gwada fankar a ɗakinka tukuna, ni kuwa ina ta cika ina batsewa. Nawarka tana ƙure mai haƙuri. Na sha faɗa maka haka, sai ka yi dariya ka ci gaba da abin da kake yi.

'Yarka ɗaya tilo, Christy, tana aikin jinya a Kanada. Saboda ita ka ɗauki hayar kayan intanet daga wani ƙaramin kamfani, tunda gidanka a kwari yake, sabis ɗin waya ba ya shiga ɗaki sai an tsaya a bakin titi. Akwati biyu suka kafa maka: modem mai ɗauko intanet daga waje, da rauta mai watsa shi cikin gida. Tsofaffi ne, sun sha hannu. Hadari na haɗuwa sai fuskar Christy ta daskare, baki buɗe, murya tana zuwa guntu-guntu. Ga shi kuma kayan wasu ne suna kwana a falonka, abin da ka fi ƙi a duniya.

A farkon damina Christy ta haihu, mace. A takardar asibiti an rubuta Juliana, amma a gidanku yaro yana da suna na biyu, na yarenku, kuma kakansa ne kaɗai ke raɗa shi. Ka faɗa mini yadda mahaifinka ya yi wa Christy a ƙauyenku can wajen Zonkwa: ya zauna ya dube ta tana motsi, ya ji kukanta, sannan ya buɗe baki. Aka ɗaga maka jaririyar a bidiyo, hoton ya tsaya cak, ba a gane ido ba a gane hanci. Aka turo hotuna masu kyau, ka ce hoto ba yaro ba ne. Na ce ka zo gidana a Barnawa, sabis ya fi ƙarfi, ka ce a ƙarƙashin rufin kaka ake raɗa suna, ba a gidan aboki ba.

"Nuhu, ba zan raɗa wa inuwa suna ba," in ji ka. "Bari in sayi nawa kayan, in gan ta sosai."

Da wata ya ƙare ka kwance kayan haya, ka goge su, ka ɗaure wayoyin, ka mayar wa kamfanin. Martha ta roƙe ka ka bari sai sabo ya zo. Ka ce ba za ka shiga sabon wata da kayan mutane ba alhali ka riga ka yanke shawara. Daga ranar gidanka ya zama babu intanet, sai dai ka fita titi ku gaisa da Christy da murya.

Daga nan aka shiga zaɓe. Akwai wani mai shagon kayan waya a Barnawa, Lawal, mutum mai sanyin hali, wanda ka mayar da shagonsa kamar ofis. Ni ne ɗan rakiya. Ya nuna maka na haɗe, modem da rauta a akwati guda, ka ce in ɗaya ya mutu ya tafi da ɗan'uwansa. Ya kawo wani mai eriya huɗu kamar ƙahoni, ka ce ƙaho ba shi ne aiki ba, a ba ka ka je gida ka gwada. Ka kai shi ƙuryar ɗaki, ka kai shi madafa, ka tarar ba ya ratsa bangon tsakiya, ka mayar. Wani ya ratsa bangon, amma ba shi da batir, ana ɗauke wuta ya mutu. Wani yana da batir, amma layin kamfani ɗaya kawai yake karɓa, ka ce ba ka fita daga haya don ka shiga wata ba. Ko a gwajin ba ka yarda a ɗago maka jaririyar ba, wai ba ka so ganinku na farko ya yanke a tsakiya. Ni na ce ka ɗauki ko wanne, suna ai ba ya cin awa guda. Ka dube ni kamar na yi saɓo.

A farkon makon da ka rasu ka tsayar da magana: modem dabam mai eriya a kan rufi, rauta dabam mai batir. Lawal ba shi da irin modem ɗin, ya ce zai sa a aiko daga Legas. A hanyarmu ta komawa cikin keke napep kana ta fara'a, har ka biya mini kuɗin mota, abin da ya sa na ce lallai yau akwai magana.

Kayan sun iso kana ɗakin ajiye gawa. Lawal bai ji labari ba, ya zo da kwalayensa ya tarar da rumfa a ƙofar gida. Ya tambayi Martha ko ya koma da su. Ta ce ya kafa, Christy ba za ta iya zuwa ba, ga jego ga takardu, ko ta waya ta yi ban kwana da ubanta. Ya hau rufi cikin yayyafi ya kafa, ya ƙi karɓar ladan aiki.

Ranar da aka kawo ka gida don waƙoƙi kafin a wuce da kai ƙauye, ni na riƙe wayar. Wilfred, ka iya zaɓe. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke wuta, hoton bai ko girgiza ba. Christy ta ce in matso da wayar kusa da fuskarka, na matso. Sai ta ɗago yarinyar. Na ga idonta tar, na ga tana wutsil-wutsil da ƙafa, ta callara kuka falon duka ya ji. Duk abin da ka ce kana jira ya zo, kana kwance da farar safar hannu.

Da aka gama, Christy ta ce in fita da wayar waje.

"Baba Nuhu, kullum kuna tare. Ko a hanya, ko da wasa, bai taɓa faɗa maka sunan da yake tunani ba?"

Na so in ƙirƙiro mata wani, Allah ya sani. Amma ba yarena ba ne, kuma kai ba ka taɓa miƙa wa mutum abin da ba na gaskiya ba. Na ce mata ba ka faɗa ba. Ta ce, "To, Baba," ta kashe wayar.

'Yan'uwanka maza duk sun riga ka tafiya. Martha ta ce ba bakinta ba ne. Na nemi abin da zan rarrashi kaina da shi na rasa. Mutane suna cewa lokaci ne, na sani, amma sanin bai rage mini komai ba. Ina jin haushinka, Wilfred, ina kuma kewarka, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ubangiji Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutu a wurinsa. Alherin da ka yi wa matata da matan abokanmu ya bi ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Martha, Allah ya zama gatanta. Ga Christy da mijinta, Allah ya sanyaya musu zuciya. Ga tsofaffin ma'aikatan masaƙa da suka rage. Da kuma jikarka, Allah ya raya ta, wadda har yanzu in an zo yi mata addu'a a gidanka sai a ce "yarinyar Christy".