Kangon Ganga da Kwamfutar Jikata

Har yau ban iya sayen abu ban ƙwanƙwasa shi ba. Kankana, tukunya, ƙyauren ɗaki, sai na lanƙwasa yatsa na buga sau biyu, na kara kunne. Jiya ma na yi wa wani tulu haka a kasuwa, sautin da ya ba ni ya mai da ni Jiratawa, ina bin bayan babana cikin fadamar gulbi.

Babana makaɗin gangar noma ne. Da rani, in ruwan gulbi ya janye yashi ya fito, yakan ɗauki gatari mu shiga neman icen kango, wato jikin gangar. Ya buga kututture da ƙota, ya saurara, ya wuce. Ya buga wani, ya yi murmushi. Gidanmu kullum warin jiƙaƙƙiyar fatar akuya yake, har dangin innata in sun zo ba su daɗewa. In ganga ta dushe ba ya yar da ita. Ya kwance ta, ya duba kangon, in bai tsage ba ya ɗaura sabuwar fata. Kango ɗaya ya ga bayan awaki da yawa.

In damina ta sauka aka kira gayya, shi ke gaban manoma da ganga, ƙanwarsa, gwaggona, tana biye da waƙa, tana kiran kowane saurayi da sunan kakansa har ya manta da ciwon baya. Ni aikina cin tuwon gayya. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, wata uku na yi, malamin ya gane ni, na gane shi, muka rabu lafiya.

Baba ya daɗe da rasuwa, gangarsa na rataye ɗakina nan Maraɗi. Duk wanda ya san waƙoƙin nan ya tafi, saura gwaggo a Tibiri, ido ya ƙare, ƙirji ya yi rauni. Jikata, wadda ke haɗa kiɗan talla wa gidajen rediyo da kwamfuta, ordinatar in ji ƴan lakwal, ita ta ce mu je mu ɗauki muryar tsohuwa tun da sauran numfashi. Muka je. Sau uku gwaggo na kai tsakiyar waƙa kwamfutar na sandarewa, ga ƴar fankar cikinta na gurnani kamar injin niƙa, makirfo na kwashe gurnanin. A na ukun gwaggo ta jawo mayafi ta ce numfashinta ba na zubarwa ba ne, saura sau ɗaya za ta yi mana, in abin ya sake barci mu bar ta ta tafi da kayanta.

To, kun san halin tsoho in ya so a yaba masa. Ban gaya wa kowa ba, na hau kabu-kabu na nufi wani shagon kwamfutoci a Sabon Gari. Mai shagon ya fara jero mini sunaye da lambobi, na ɗaga masa hannu, na ce ɗan makaɗi ba a koya masa zaɓe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa. Ƙananan nan masu ninkewa ba su ce mini komai ba. Can ƙarƙashin tebur na sami wata ƙatuwa, baƙa, mai nauyin rabin buhun gero. Na buga, ta amsa da murya mai zurfi, irin wadda ke sa baba murmushi. Mai shagon ya yi ta ƙoƙarin magana, ni kuwa na riga na ɗora ta a cinya bisa babur.

Jikata ta kwance murfin gefe ta leƙa, ta zauna ƙasa tana dariya har da hawaye.

"Angona, mi ka gani jikin wannan?"

"Amarya, sautinta na ji."

"Ai dole ta yi sauti, cikinta wayam yake. Ganga ake so da fanko, wannan cike ake son ta. Kuma ta girme ni."

Washegari ta tasa ni gaba muka koma, ni ɗauke da kunyata, ita ɗauke da tata tsohuwar kwamfutar. Mai shagon bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa, sai dai ya daɗe yana tari. Ya buɗe ta jikar, ya yi mini bayani irin na marasa lakwal. Ya ce ƙwaƙwalwarta da ƙarfinta, za ta iya aikin. Abin da ya gaza shi ne memuwar, wato tabarmar da take shanya aiki a kai. Ƙarama ce, murya da ganga da amshi ba su samun wuri tare. Rumbun ajiyarta kuma tsohon yayi ne mai juyawa, kafin ya karɓi sauti mawaƙi ya yi nisa. Fankar kuwa datti ya shaƙe ta. Jikata ta ce ita dai a kawo sabuwa dal, ta gaji. Shi kuma ya ce sabuwar da za ta fi wannan sai an aiko daga nesa, wata guda ko fiye.

Wata guda a ƙirjin gwaggo ba ƙaramin abu ba ne. Na dubi abin nan a buɗe bisa tebur, sai na ga baba tsugune da kwantacciyar ganga.

"Yaro, kangon ya tsage?"

Ya fahimce ni. Ya ce bai tsage ba.

"To a sake mata fata."

Ya karɓi ƙatuwata, ya ninka wa ta jikata memuwar, ya sa rumbun da ba ya juyi ba ya ƙara, ya share fankar, ya haɗa mana da ɗan akwatin da makirfo ke bi sautin ya shiga da tsabta. Kafin mu tashi jikata ta jibga mata muryoyi bisa muryoyi don gwaji, ba ta ko yi tuntuɓe ba.

Da hantsi muka isa Tibiri. Gwaggo ta sha kunu, ta gyara zama, ta ɗauko waƙar daga farko. Ni dai allon nake kallo, layin sautin na tafiya kamar kunya a gona, har ta kai ƙarshe ta sauke. Sannan aka rufe mini kunnuwa da abin ji, na ɗora gangar baba bisa muryarta. Da aka kunna mata, na zaci kuka za ta yi.

"Gangar ta yayana ce," ta ce, "amma hannun na macin tuwo ne. Har yanzu kana riga waƙa. A sake."

Aka sake, sau huɗu, kwamfutar ba ta gaji ba, ni na gaji.

Yanzu ba a kiran gayya a Jiratawa kamar da, injin ban ruwa ke kiɗa a fadama. Amma kwanaki na bi ta can, na ji muryar gwaggo na fita daga aljihun wani mai dashen albasa, yana sunkuye yana amsa mata. Ita kuma tun da ta ji labari, kowane mako sai ta aiko wai ta tuno wata. Jikata ta hana ni taɓa kwamfutar. In ta fita, nakan lallaɓa na ƙwanƙwasa a hankali, na kara kunne. Ba ta amsa mini komai. Cike take.