Kujerar Wanda Ba Ya Nan

Ni ne wawan wannan labari, ni da bokona bai wuce gaisuwa ba. Jiya a unguwar Barbès na ga wata kujera babu kowa a kai, sai tsohon alƙalinmu ya faɗo mini a rai. Zaman Kotun Ƙoli ya bar masa ɗabi'a guda: ba ya sauraron ƙara sai ya ajiye wa wanda ba ya nan kujera.

Na taɓa bin sa har garin Vénissieux, gidan 'yarsa, don ya tabbatar cewa marigayi Isuhu ni ya bar wa teburinsa na kasuwa, tunda matar Isuhun ta musa. Alƙali ya jawo kujera, ya zuba shayi har da na Isuhu. Tagogi a rufe, amma tururin kofin ya karkata, katifar kujerar ta lotsa a hankali.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mutumin nan yana ƙasa."

Alƙalin ya rasu yanzu, Allah ya sa shi ma a saurare shi da rahama. A ranar ko kallona bai yi ba, ya ce, "Yana ƙasa, kuma ya riga ka zama. Maimaita maganarka, yana ji."