Moelagi, Wadda Ta Kwanta a Madadin Mai Gudu

Kullum da hantsi za ka gan ta a bakin teku, ruwa iya ƙugu, tana matse ƙafar wanda aka yi wa jarfa jiya, shi yana ihu ita tana yi masa tsiya. Moelagi ke nan. Shekara da shekaru duk wanda aka zana a ƙauyenmu na tsibirin Savai'i, hannunta ne ya hana ciwonsa ruɓewa. Mai jarfa ya kwashe tabarmin girmamawa, marubuta su cika littafi da sunansa, ita ko a gefen shafi babu.

To ku ji abin da ya faru bara. Litia, 'yar maƙwabtanta, ta kwanta a yi mata jarfar mata, daga cinya zuwa gwiwa. Ba a yi wa mutum shi kaɗai, sai da abokin shan zafi. Abokiyar Litia ta ga jini, ta ce za ta kewaya, sai labarinta a jirgin ruwa. Ga shi ƙafa ɗaya kawai aka gama wa Litia. Mai jarfa ya naɗe kayansa, ya ce al'ada ba ta lanƙwasuwa. Rabin jarfa kuwa abin gori ne har jikoki.

Mazan gidan suka hau neman mai laifi. Matan duk suka tuna suna da girki.

Moelagi ta tattare zani ta kwanta kusa da yarinyar. Tsohuwa ce, ga ciwon suga, kuma ta fi kowa sanin yadda rauni ke ƙin warkewa a irin jikinta. Mai jarfa ya ce, "Inna, fatar nan taki ai ta yi yaushi."

Ta ce, "Hannunka dai ya yi yaushi. Buga, ɗan nan."

Ya buga musu jarfar su biyu. Litia ta tashi da ƙafa biyu cikakku. Moelagi ta yi watanni tana ɗingishi.

Ranar bikin gama jarfar masu jawabi suka gode wa mai jarfa, da dattawa, da fasto, har da wanda ya gasa alade. Ita tana can ƙuryar gida tana kankare kwakwa.

Ke ce garkuwar da ba a rataye wa ado, Moelagi. Mun gode, kuma mun ji kunya. Ku kuma masu baki, in an sake shimfiɗa tabarma yarinya ta waiga ba kowa, a rage jawabi, wani ya kwanta.