Fenaltin da kunyar suruki ta cinye

Wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake.

Jiya a Dakoro, wasan ƙarshe na cin kofi, unguwarmu da 'yan tsallaken kasuwa. Suna gaba da ci ɗaya, ana dab da tashi, arbit ya ba mu fenalti. Ƙanena Iliya, wanda bai taɓa ɓarar da ita ba, ya aje balo. Ya dubi mai tsaron gidansu, ya sunkuyar da kai, ya gangara masa ita har hannu!



Ana tashi na cafke shi. "Kai Iliya, mi ya same ka?"

Ya ce, "Yaya, mai tsaron gidan nan ƙanen baban matata ne fa. In kunyata shi gaban jama'a?"

Kofi ya tafi, aure ya zauna. Ku fa, da kun buga?